Kwana Uku Ga Masu Shekara Ashirin

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Littafin taron ƙungiya ne wannan. Na juya shi ta baya nake rubutu. Gaba na ƙungiya, baya nawa.

Na koma aiki yau. Na buga kati bakwai saura kwata, na sa takalman roba, na tsaya a wurina a bakin bel ɗin da ke jawo kifi, tsakanin Rauha da bango. Kifi yana zuwa, ina cire ƙaya, yana wucewa. Ba wanda ya tambaye ni komai sai Rauha, ita ma da ido ta tambaya. Na girgiza kai. Ta miƙo min wuƙarta, ta ce tawa ta dakushe.

Yau kwana goma sha huɗu da Meme, mahaifiyata, ta fita daga gida ba ta dawo ba.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 7 na yamma

Ƙanena Nghidipo ya kira daga ƙauye. Ba labari. Ya ce sun sake bin gonar maƙwabcinmu Tate Haufiku layi-layi, gero ya fi tsayin mutum bana, ruwa kuma ya cika kowane kwari. Ya ce 'yan sandan Okongo sun ce a ci gaba da haƙuri. Na ce to. Ya ce, "Kina ji na kuwa?" Na ce ina ji.

Na dafa tuwo. Yana nan a tukunya.

Laraba, 5 ga Maris, lokacin abincin rana

Tate Gawaseb, jami'in ƙungiyarmu ta ƙwadago, ya zo da takardun. Gobe za a fara zama da kamfani. Ya tare ni a bakin ƙofar kanti ya ce, "Kwamared Lahja, idan ba za ki iya ba, ba laifi. A sa wata." Na ce zan iya. Shekara shida ina wakiltar matan bel, ni na bi su ɗaya-ɗaya suka sa hannu a kan wannan buƙata, yanzu kuma sai na zame?

Abin da muke nema ba shi da yawa. Wanda ya shekara goma a ƙara masa kwana biyu a kan hutun shekara, mai sha biyar kwana uku, mai ashirin kwana biyar. Kuma mutum ya zaɓi ranakun da kansa. Hutun da muke da shi kamfani ne yake zaɓa mana: Oktoba in an rufe kamun kifi, da ƙarshen Disamba. Duk abin da zai sami mutum a gida, sai ya jira Oktoba ya same shi.

Ni na rubuta wannan jimlar a takardar da muka raba bara. Har aka yi ta dariya.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Mun zauna awa uku. Mu biyar na kwamiti da Tate Gawaseb a gefe ɗaya, Madam Beukes ta ofishin ma'aikata da wani lauya mai jan taye a ɗaya gefen. An kawo shayi da biskit.

Lauyan ya ce doka ta ba kowa mako huɗu, kamfani bai tauye wa kowa ba. Ya ce jiki jiki ne, mai shekara ɗaya da mai shekara talatin hutu ɗaya suke buƙata.

Tatekulu Iipinge, dattijon da ya shekara talatin da ɗaya a ɗakin sanyi, ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Yatsun ba sa miƙewa. Ya ce, "Ɗana, duba nan. Ni ranar da na mutu ba sai an kai ni firij ba, na riga na daskare. Ku dai ku ba ni kwana biyar in narke kafin a binne ni." Kowa ya yi dariya har Madam Beukes. Lauyan bai yi ba, ya rubuta wani abu.

Aka ce in yi magana a kan mata 'yan arewa. Na yi. Na ce daga Walvis Bay zuwa gidajenmu yini guda ne a bas, dawowa yini guda. Na ce yaranmu kakanninsu ne suke rainon su, iyayenmu kuma a waya suke tsufa. Ina jin muryata tana fita daidai, ba rawa, kamar rediyon ɗakin maƙwabta.

An ɗage zuwa mako mai zuwa.

Nghidipo ya kira. Ba labari.

Juma'a, 7 ga Maris

Ba labari.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Bayan an tashi na je ofishin Madam Beukes, ba a matsayin wakiliya ba. Na ce ina son in sake zuwa gida, ko ba albashi.

Ta rufe ƙofa. Ta ce, "Lahja, zauna." Ban zauna ba. Ta jawo takardar neman hutu ta nuna min da biro. Gida biyu ne a ƙarƙashin hutun jaje: rasuwa, ko ciwo mai tsanani. Ta ce wancan karon ta rubuta ciwo mai tsanani don ta taimake ni, kwana biyar ɗin shekara kuma sun ƙare a nan. Hutu ba albashi kuwa an hana har ƙarshen Afrilu, jiragen kamun kifi suna shigowa a cike. Wanda ya yi kwana uku bai zo ba, ya sallami kansa.

Ta ce, "Da a ce akwai wata takarda daga asibiti, ko daga..." Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban ƙarasa mata ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina buga katin nan.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Fasto ya sa sunan Meme a addu'a. Ya tambaye ni a wane jeri zai sa ta, marasa lafiya ko matafiya. Na ce matafiya.

Wata mata 'yar ƙauyenmu ta riƙe hannuna a waje ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce mutane suna magana a gida, kada in sa a raina. Na ce wace magana? Ta ce ai na san mutane: tsohuwa ta riƙa fita tun asuba tana magana da waɗanda suka mutu, tana shiga gidajen mutane tana cewa nata ne, har ana ce mata mayya. Ta ce ita dai ba ta yarda ba. Na zare hannuna.

Meme ta manta sunan gishiri tun shekara biyu da suka wuce. A Disamba ta kira ni da sunan ƙanwarta. Na ce tsufa ne. Na hau bas na dawo.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe 6 na safe

Hazon teku ya rufe unguwarmu Kuisebmond, ba ka ganin ƙofar da ke kallon taka. Na tsaya a bakin titi motar ma'aikata ta zo ta wuce ban ɗaga hannu ba. Na tafi a ƙafa. Ban makara ba.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe 7 na yamma

An karanta sanarwar ɓatan Meme a rediyo da yammacin nan. Tsohuwa 'yar shekara saba'in da takwas, doguwa, riga mai ruwan hoda, ɗankwali shuɗi, haƙorin gaba ɗaya ya fita. Ni na rubuta. Da na ji a bakin mai karantawa sai na ga kamar kowace tsohuwa ce a arewa.

Rauha ta kawo min soyayyen nama a takarda. Ta zauna a bakin gado ta ce ba za ta tashi ba sai na ci uku. Na ci biyu. Ta ce, "Ke dai ko a cin nama sai kin yi ciniki, shi ya sa muka zaɓe ki." Ta cinye sauran.

Ɗanta yana Outapi wajen uwarta. Zai yi tabbacin baftisma a Yuni. Ta ce idan muka samu kwana biyun nan za ta je, karo na farko da za ta ga wani abu nasa da idonta ba a hoto ba. Shekararta sha uku a kamfani.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Zama na biyu. Sun kawo tayi: kwana biyu ga masu shekara ashirin kawai, kuma daga Janairu mai zuwa. Tate Gawaseb ya tambayi mutum nawa ne suka kai ashirin. Madam Beukes ta duba ta ce arba'in da ɗaya. Mu ɗari shida da wani abu ne.

Rauha ta ce, "Wato ku jira mu mutu saura arba'in, sannan ku yi kyauta." Muka ƙi. Muka fito.

A waje matan bel suna jira da hulunan leda a kai. Na hau kan kwalin kifi na gaya musu. Suka yi ta ihu, suka ɗauki waƙa. Na ɗaga hannu tare da su. Hannun ya tashi.

Nghidipo bai kira ba. Na kira. Ba labari.

Asabar, 15 ga Maris

Na yanke ɗan yatsa. Rauha ce ta gani, ni ban ji ba.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 7 na yamma

Wata guda.

Nghidipo ya ce dattawa sun zo gida. Sun ce a fara tunani. Na ce tunanin me? Ya ce mutanen da suke taya nema sun koma gonakinsu, tsuntsaye sun fara sauka a gero. Ya ce shi kaɗai ne yanzu da keke. Sannan ya ce, "Ke kina can kina zaman shayi da Turawa, ni nake shiga ruwa har wuya ina taɓa ƙasa da ƙafa."

Ya kashe wayar. Bayan ɗan lokaci ya aiko da saƙo: yi haƙuri. Na rubuta: ba komai.

Laraba, 19 ga Maris, lokacin abincin rana

Tate Gawaseb ya yi mana bayani. Idan zama na uku ya watse, sai a kai ƙara ofishin ƙwadago. Sasanci wata guda, ko biyu. In ya ƙi, sai ƙuri'ar yajin aiki. Ya ce yana ganin za mu samu, domin kamfani ba zai so bel ya tsaya kifi yana ruɓewa a jirgi ba. "Haƙuri kawai, kwamared. Zuwa Mayu ko Yuni."

Na rubuta Mayu ko Yuni a gaban littafin.

Juma'a, 21 ga Maris, ranar 'yancin kai

Ba aiki. Na wanke labule, na wanke bargo, na wanke abin da na wanke jiya. Ana kiɗa a filin ƙwallo.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Wata ma'aikaciyar jinya ta kira lambar da aka bayar a rediyo. Ta ce tana aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da iyaka. Wani makiyayi ya gaya mata akwai tsohuwa a wani gida a ƙetaren wayar iyaka, ɓangaren Angola, ta kai mako uku a wurinsu. Ba ta faɗin sunanta. Riga mai ruwan hoda.

Na tambaye ta haƙori. Ta ce ba ta sani ba.

Ƙauyen da ta ambata, a nan aka haifi Meme. Ba wanda ya tuna da haka a cikinmu. Tafiyar kwana biyu ce a ƙafa.

Nghidipo zai je gobe. Na zauna. Ban san abin da ake yi da hannu ba a irin wannan lokaci, sai na goge takalman aiki.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Ita ce.

Lahadi, ƙarfe 8 saura

Nghidipo ya sake kira da ya samu wurin da waya take kamawa. Ta rame, ƙafafunta sun farfashe, amma tana ci, tana tafiya. Mutanen gidan sun tsince ta a bakin rijiyarsu. Sun ba ta ɗaki tare da kakarsu.

Ba ta san shi ba. Da ya kama hannunta ta kurma ihu, ta ce ɓarawon shanu ne. Mazan gidan suka fito da sanduna, sai da ya nuna hoto a waya. Duk da haka sun ce ba za su ba wa namiji tsohuwar da take kuka in ta gan shi ba. Sun ce kullum tana zama a ƙofar gida tana cewa tana jiran Lahja, ta aike ta ɗebo ruwa ba ta dawo ba. Sun ce a kawo Lahjar.

Ya ce mutanen za su tashi da shanunsu zuwa arewa ƙarshen mako mai zuwa. Ya ce, "Yaushe za ki zo?"

Na ce zan gani.

Litinin, 24 ga Maris, lokacin abincin rana

Na koma wurin Madam Beukes. Ta ce ta yi murna ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta tambayi manaja, ya ce idan ya buɗe wa mutum ɗaya ƙofa ana tsakiyar ciniki, gobe mutum ɗari za su zo. Ta ce in je ranar Lahadi. Na ce Lahadi ɗaya ba ta kai ni ko Ondangwa ta dawo da ni.

Ban gaya wa Rauha an ga Meme ba. Ban san dalili ba. Ta ba ni rabin burodinta na karɓa.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Zama na uku.

Tayinsu na ƙarshe: kwana uku ga masu shekara ashirin, mutum ya zaɓi ranakunsa. Masu goma da sha biyar a bar maganarsu sai bayan shekara uku, kuma ba yajin aiki a kan batun kafin nan. Lauyan ya ce daga Janairu.

Na ji bakina ya ce, "Daga ranar sa hannu."

Kowa ya juyo. Madam Beukes ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Suka fita suka yi waya suka dawo. Lauyan ya ce sun yarda, idan an sa hannu gobe.

Muka nemi a ba mu ɗakin. Tate Gawaseb ya ce shi ba ya ƙuri'a, amma a ganinsa a ƙi, an kusa cin nasara. Tatekulu Iipinge ya ce shi kam ya karɓa, da babu gara ba daɗi, ba shi da tabbacin zai ga Yuni da waɗannan huhun. Wakilin direbobi ya bi shi. Rauha ta ce a'a. Wakiliyar masu kwali ta ce a'a. Biyu da biyu.

Rauha ko kallona ba ta yi ba, tana tattara takardunta, don ta san abin da zan ce.

Na ce na karɓa. Ƙarfe huɗu da minti goma aka gama.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

An sa hannu ƙarfe tara. An ɗauki hoto. Ina tsakiya.

Ƙarfe tara da rabi na miƙa takardar neman hutu. Alhamis, Juma'a, Asabar. Madam Beukes ta ce ni ce ta farko, ba su ma buga sabuwar takardar ba, da hannu ta ƙara gida na uku.

Na hau kan kwalin na gaya wa mata. Ba a yi waƙa ba. Wata daga baya ta ce, "Mu fa?" Na ce bayan shekara uku. Ta ce, "Ke shekararki nawa, Lahja?" Wata ta amsa mata, "Ashirin da biyu." Sai aka yi wata irin dariya. Wata ta jefo safar hannu jiƙaƙƙiya ta same ni a kafaɗa.

A wurin wanke hannu Rauha ta tsaya kusa da ni. Ta ce, "Nawa suka ba ki?"

Na ce ba su ba ni komai ba. Na ce an ga Meme.

Ta daɗe tana murza sabulu. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Lahadi."

"Lahadi. Kika zauna kusa da ni Litinin, kika ci burodina, kika yi shiru. Da kin faɗa, Lahja, da mun tsayar da bel ɗin nan mu ɗari shida har sai sun sake ki. Da mun yi. Amma kika je kika saya da namu."

Na ci gaba da wanke hannu.

Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ke kuma, kowa ya ci shi kaɗai." Ba ta ƙarasa karin maganar ba. Ta goge hannunta ta koma bel. Ta canja wuri da wata.

Alhamis, 27 ga Maris, a bas, bayan Otjiwarongo

Yashi ya ƙare, ciyawa ta fara. Matar da ke kusa da ni tana barci a kafaɗata. Na bar ta.

Ina ta lissafin ko da gaske za su tsayar da bel ɗin. Ina ganin za su yi. Ina ganin ba za su yi ba. Duk ɗaya ne yanzu.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Mun ƙetare waya ta inda shanu suke bi, ni da Nghidipo. Ya tsaya a gindin wata bishiya nesa da gidan, ya ce in je ni kaɗai.

Tana zaune a ƙofa a kan kututture. An ba ta wani zane. Rigar tana shanye a kan shinge. Na durƙusa na ce, "Meme, kin tashi lafiya?"

Ta ce, "Lafiya, baƙuwa. Daga ina?"

Na ce, "Ni ce Lahja."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta yi dariya, irin dariyarta ta da. Ta juya wajen kakar gidan ta ce, "Ji wannan uwar mata, da furfura a kai. Lahja tawa ga tsayinta." Ta nuna da hannu, daidai ƙugu. "Na aike ta rijiya da ƙaramin tulu. Wasa ta tsaya, na san ta."

Kakar gidan ta kalle ni. Ta gane. Ta shiga ciki ta kawo min kunu.

Na zauna tare da ita har rana ta karkata. Na shafa mata mai a ƙafa, ta bari. Ta ce hannuna yana warin kifi. Ta ce ina da kirki, uwata ta yi tarbiyya. Can na ce mata, "Meme, na san inda Lahja take. Zo in kai ki." Ta miƙe nan take, ta ce a ba ta ɗankwalinta.

Na ba mutanen gidan sukari da barguna biyu. Mai gidan ya ƙi karɓar bargo ɗaya, ya ce a lulluɓe ta da shi a hanya. Da muka zo wajen bishiyar ta ƙanƙame hannuna. Na ce mata wannan mai ɗaukar mana kaya ne. Nghidipo ya ɗauki jakar ya bi mu a baya, ya bar tazara. Ina jin yana jan hanci.

Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Maƙwabta sun zo barka. Suna tsayawa daga bakin shinge, ba mai shigowa. Wata ta ja ɗanta baya da Meme ta miƙa masa hannu.

Sau biyu ta nufi ƙofa yau. Nghidipo ya ce shi da matarsa suna gona tun safe, ba mai tsaron ta, kuma ba ta yarda ya matso. Ya ce wani ya ba shi shawarar igiya, a ƙafa, doguwa, ba mai ciwo ba. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Na ce ya nemo mana kujera biyu a bas ɗin gobe.

Ya ce, "Ɗakinki ɗaya. Kina fita bakwai saura. Wa zai zauna da ita?"

Na ce ban sani ba.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe 7 na yamma

Mun iso. Ta yi barci yawancin hanya. Duk inda bas ya tsaya sai ta ce, "Nan ne?" In ce saura kaɗan.

Bayan Swakopmund ta farka, teku yana gefen dama. Ba ta taɓa ganin sa ba. Ta manna goshi a gilashi ta daɗe. Ta ce, "Bana mutanen nan ba za su girbe komai ba."

Na yi mata wanka. Ta ci tuwo da kifi, ta cire ƙayar da kanta. Ta kwanta a gadona, ni na shimfiɗa a bakin ƙofa.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe 6 da kwata na safe

Na sa kayan aiki. Meme ta tashi tun biyar, ta ɗaura ɗankwali, tana zaune tana kallon ƙofa. Kwaɗon yana hannuna. Na taɓa shi na ajiye, na sake ɗauka. Taga ɗaya ce, ga risho, ga ashana. Na ɓoye ashanar a aljihu.

Litinin, lokacin abincin rana

Shida da rabi aka ƙwanƙwasa. Rauha ce, da kayan gida, da ledar ulu da allurar saƙa. Ba ta gaishe ni ba. Ta wuce ni ta durƙusa ta ce, "Meekulu, kakata, kin tashi lafiya?" Meme ta ce lafiya, ta tambaye ta ko ta ga wata yarinya da tulu. Rauha ta ce ta gan ta, tana tafe, a zauna a jira.

Ta koma aikin yamma daga yau. Ita ta nema. Za ta zauna har ƙarfe biyu, sannan matar Tatekulu Iipinge ta karɓe ta zuwa lokacin da zan taso. Duk wannan bango take gaya wa, ba ni ba.

Na ce, "Rauha."

Ta ce, "Kada ki fara. Ba don ke ba ne. Kuma a zaɓen Agusta zan tsaya takarar wakilci, ki sani tun yanzu."

Na ce to.

Ta zauna a bakin gado ta fito da ulun, ta ba Meme ta riƙe mata dunƙulen. Ta ce, "Saura min shekara bakwai in samu kwana ukuna. Yaron zai kai ashirin da ɗaya. Tafi, za ki makara."

Na buga kati bakwai saura minti biyar. Wata yarinya ce a wurin Rauha yanzu, ban san sunanta ba. Kifi yana da yawa yau.